Da Mutum Allah Ke Gina Mutum

Jawabin da aka gabatar a taron zumunta na dattawa da wakilan ikkilisiyoyi
Wuraren karatu: Ayyukan Manzanni 9:10-30, 11:19-26, 15:36-41

  Mun san akwai waɗanda suka baro gona ana tsakiyar aiki, akwai kuma waɗanda da ƙyar suka haɗa kuɗin mota kafin su iso nan. Ubangiji ya saka muku da alheri.

Kan maganar da aka ba mu shi ne yadda Allah yake aiki ta wurin mutanen da ke kewaye da mu domin ya gyara halinmu, ya kuma kai mu ga aikin da ya kira mu mu yi. Magana ce mai faɗi, idan muka ce za mu bi ta tun daga Farawa, rana za ta faɗi ba mu kai ga Rut da Na'omi ba. Saboda haka za mu kama mutum ɗaya mu bi sawunsa, wato Barnaba, tare da mutum biyu da suka ratsa ta hannunsa, Bulus da Markus.

Yawancinmu mun fito ne daga ikkilisiyoyin da idan an taru ran Lahadi ana iya ƙirga kowa ba sai an duba littafi ba. A wasu wuraren gida uku ne ko huɗu a gari guda. A babbar majami'ar birni mutum yana iya shiga ya yi sujada ya fita har shekara ba wanda ya san sunansa. Mu ba mu da wannan mafaka. Wanda ka yi cacar baki da shi a kan iyakar gona ran Alhamis, shi ne zai miƙo maka ƙoƙon Jibin Ubangiji ran Lahadi. Sau da yawa mukan ɗauki wannan a matsayin kaya mai nauyi da ƙarancinmu ya ɗora mana. Muna so mu nuna daga Maganar Allah cewa a irin wannan matsatsin ne Allah ya saba renon bayinsa.

Mu fara daga Dimashƙu. Shawulu, wanda daga baya muka sani da suna Bulus, ya ga haske daga sama, ya ji muryar Ubangiji da kunnensa, ya faɗi ƙasa, ya tashi ba ya gani. Idan akwai mutumin da za a ce ba ya bukatar wani ɗan adam ya koya masa kome, to, shi ne. Amma ku lura da abin da Ubangiji ya yi. Bai bayyana masa aikinsa a nan kan hanya ba, sai ya tura shi cikin gari ya jira. Kwana uku yana zaune a makance, ba ci ba sha, har wani almajiri mai suna Hananiya ya zo. Hananiyan nan ba manzo ba ne, da farko ma ya ja da baya, yana tuna wa Ubangiji irin ɓarnar da mutumin ya yi wa masu bi a Urushalima. Duk da haka ya tafi, ya ɗora masa hannu, ya kira shi ɗan'uwa. A hannunsa idon Shawulu ya buɗe, aka yi masa baftisma. Wanda ya rufe masa ido daga sama ai yana da ikon buɗe masa daga sama. Amma ya ga dama ya bi ta hannun mutum, mutumin ma mai jin tsoro.

Mu kuwa mukan durƙusa mu roƙi Allah ya nuna mana nufinsa, sa'an nan mu kwanta muna jiran mafarki. Ba mu ce Allah ba ya magana ta mafarki ba, akwai waɗanda ke zaune a nan da ta haka suka fara neman Almasihu. Sai dai ko su ma, ku tambaye su, bayan mafarkin akwai wani da suka je wurinsa da dare, ya buɗe musu ƙofa, ya buɗe musu Littafi.

Bisa ga abin da Bulus ya rubuta a Galatiyawa 1:18, sai bayan shekara uku ya tafi Urushalima. Ya yi ƙoƙari ya shiga cikin masu bi, suka ƙi yarda da shi, kowa yana tsoronsa. 'Yan'uwa, kada mu yi saurin ganin laifinsu. Wannan shi ne mutumin da ya tsare tufafin waɗanda suka jejjefi Istifanas, shi ne ya riƙa bi gida gida yana jan maza da mata zuwa kurkuku. A cikin taron nan akwai waɗanda suka san zafin hannunsa a jikinsu ko a jikin danginsu. In mutum irin wannan ya zo ya ce ya tuba, tambayar da za ta fara zuwa zuciya ita ce, ko wata sabuwar dabara ce ta sanin inda muke taruwa da su wane ne shugabanninmu?

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk dattijon da ya daɗe a ikkilisiyar da ke zaune a tsakiyar waɗanda ba sa bin bangaskiyarmu ya san yadda gaba ke faɗuwa sa'ad da baƙo ya zo ya ce yana so ya bi Yesu. Murna tana nan, tsoro ma yana nan. Wa ya aiko shi? In danginsa suka ji, wa za su fara nema? In abin ya zama rigima, ɗakin sujadar nan da muka gina da guminmu zai kwana? Waɗannan tambayoyi ne na masu hankali, kuma wanda ya ce bai taɓa yin su ba, watakila bai taɓa zama inda muke zaune ba.

A nan ne Barnaba ya shigo. Sunansa na yanka Yusufu, Balawe ne, haifaffen tsibirin Kubrus. Manzanni ne suka laƙaba masa Barnaba saboda halinsa na ƙarfafa zuciyar mutane, kuma a Ayyukan Manzanni 4:36-37 mun fara ganinsa ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin domin a biya bukatar matalauta. Mutum ne mai mutunci a idon ikkilisiya. Wannan mutuncin ne ya ɗauka ya jinginar saboda Shawulu. Ya kama shi ya kai shi gaban manzanni, ya ba su labarin yadda ya sadu da Ubangiji a hanya, da yadda ya yi wa'azi a Dimashƙu ba tsoro. To, ina Barnaba ya sami wannan labari dalla-dalla? Ai sai wanda ya zauna da mutum, ya saurare shi, ya auna maganarsa, shi ne zai iya tsaya masa haka. Sauran sun tsaya daga nesa suna tsoro, shi ya matsa kusa ya bincika. Kuma da a ce ya yi kuskure, ran Bitrus da na Yakubu ne ya sa cikin hatsari, ba nasa kaɗai ba.

Ba muna koyar da ganganci ba ne. Daidai ne dattawa su yi tambaya, daidai ne a ɗauki lokaci a ajin baftisma, daidai ne a san abin da za a faɗa a gaban jama'a da abin da za a rufe domin lafiyar sabon tuba da ta ikkilisiya. Abin da ke damunmu shi ne wata al'ada da ta zauna mana. Majalisar dattawa takan zauna ta ce, bari mu ga kamun ludayinsa tukuna. Kowa ya yarda, a rufe da addu'a, a watse. Amma ba a sa kowa ya je ya ga kamun ludayin ba. Wata uku, wata shida, mutumin yana zuwa yana zama a bencin baya, ana ba shi hannu a bakin ƙofa, shi ke nan. Alhali wataƙila an kore shi daga gida, an raba shi da matarsa, an janye masa jari, abokan cinikinsa sun daina sallama da shi. Yana da mu awa biyu ran Lahadi, sauran kwana shida yana da kaɗaici. Ran da ya gaji ya koma inda ya fito, sai mu kaɗa kai mu ce, dama mun faɗa. Ba mu faɗi kome ba, 'yan'uwa. Mun bar shi ne a bakin ƙofa har ya juya.

Ku tuna da alkawarin da Ubangiji ya yi a Markus 10:29-30 ga wanda ya rasa gida da dangi da gona saboda shi da bishara. Bai ajiye ladan duka sai a sama ba, ya ce tun a wannan zamani mutumin zai sami gidaje da 'yan'uwa da iyaye mata ninki ɗari, tare da tsanani. Mu tambayi kanmu, daga ina waɗannan gidaje za su fito? Ba za su sauko daga gajimare ba. Gidajenmu ne. Uwar da aka yi masa alkawari tana zaune a nan cikin Zumuntar Mata. Idan muka rufe ƙofa, mun sa alkawarin Ubangiji ya zama kamar ƙarya a idon wanda ya dogara da shi.

Shawulu bai daɗe a Urushalima ba. Ya yi kwana 15 a wurin Bitrus, wa'azinsa ya tada ƙura, aka nemi ransa, 'yan'uwa suka raka shi Kaisariya suka tura shi garinsu Tarsus. Daga nan Luka ya yi shiru a kansa. Shekaru suka wuce. Mutumin da aka gaya wa Hananiya cewa zai kai sunan Yesu gaban al'ummai da sarakuna yana can ƙasarsu, ikkilisiyoyin Yahudiya ma ba su san fuskarsa ba, labarinsa kawai suke ji.

Ana nan sai wani abu ya faru a Antakiya ta Suriya, birni na uku a girma a daular Roma bayan Roma da Iskandariya. Garin yana nan har yau a kudancin Turkiyya, shi ne wanda girgizar ƙasa ta yi wa mummunar ɓarna a watan Fabrairu na 2023. Waɗansu masu bi da tsanani ya warwatsa, mutanen Kubrus da Kurane waɗanda ko sunayensu ba a rubuta ba, suka fara yi wa Helenawa wa'azi, mutane da yawa suka ba da gaskiya. Ikkilisiyar Urushalima ta aiki Barnaba ya je ya gani. Ya je, ya ga alherin Allah, ya yi murna, aiki ya ci gaba da haɓaka a hannunsa. A daidai wannan lokaci, sa'ad da sunansa ke tashe, sai ya bar garin ya kama hanyar Tarsus, tafiyar kwanaki, ya je neman Shawulu. Babu waya, babu wanda zai ce masa ga lambar gidan. Ya nema har ya same shi, ya kawo shi, suka shekara guda suna koyarwa tare. A wannan gari aka fara kiran almajirai Kirista.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Kiran da Allah ya yi wa Bulus daga sama ya zo, amma ƙofar aikin sai da wani ya taka da ƙafarsa ya je ya buɗe masa.

Iyayenmu dattawa, a nan muna roƙon ku ba mu kunnenku, da girmamawa muke magana. Barnaba ya san mutumin da ya je ɗaukowa ya fi shi ilimi, ya fi shi kaifin baki. Almajirin Gamaliyal ne. Ku duba yadda Luka ya jera sunaye. A Ayyukan Manzanni 13:1, cikin shugabanni biyar na Antakiya, Barnaba ne na farko, Shawulu na ƙarshe. Da Ruhu Mai Tsarki ya keɓe su, sunan Barnaba ne a gaba. Amma kafin babin ya ƙare, a aya 13, tawagar ta koma ana kiranta da sunan Bulus. A Listira ma mutanen gari sun gane cewa Bulus ne mai magana. Wanda ya je ɗauko yaro ya koma yana tafiya a bayansa, kuma ba mu ga inda ya yi gunaguni a kan wannan ba.

Nawa ne cikinmu za su iya haka? Muna tara kuɗi mu aika yaro makarantar Littafi Mai Tsarki, ya dawo da takarda da ƙwazo, sai mu bar shi yana share ɗakin sujada shekara biyu ba a ba shi bagade ko sau ɗaya ba, wai kada kansa ya kumbura. Muna da 'yan mata da samari da suka yi karatu, sun iya lissafi, amma littafin baiko yana hannun mutum ɗaya shekara 20. Daga baya su tafi birni, wata ikkilisiya ta karɓe su hannu biyu, mu kuma mu zauna muna kukan cewa matasa sun gudu sun bar mu. Ikkilisiyar da ba ta da yawa ba ta da halin zubar da ko mutum ɗaya. Ku kuma matasa, kada ku yi saurin tafa hannu. Shawulu da ya ga Ubangiji ido da ido ya zauna shekaru ba a san da shi ba, da aka kira shi kuma ya yarda sunansa ya zo a ƙarshen jeri. Bai ƙwaci gaba ba, aiki ne ya kai shi.

Irin wannan ya faru a tarihin zuwan bishara ƙasarmu. Da yawa a cikinmu mun san sunayen Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham, samari uku da suka sauka Legas a watan Disamba na 1893 da niyyar shigowa ƙasar da a lokacin ake kira Sudan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda Bingham ya shiga tafiyar. Mahaifiyar Gowans ce ta gayyace shi gidanta a Toronto ta ƙasar Kanada, ta zauna ta bayyana masa nauyin da ke zuciyar ɗanta saboda mutanen wannan ƙasa, har nauyin ya kama shi. Kent kuwa abokin Gowans ne tun a makaranta. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida da ciwo a jiki, ba ko mutum ɗaya da ya tuba. Uwar da ta rasa ɗanta ba ta juya masa baya ba, ta ci gaba da addu'a da goyon bayan aikin. Ƙoƙari na biyu a 1900 ya sake faɗuwa, sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi. Daga wannan aiki na SIM ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Ko daga wace ɗarika muka fito, ya kamata iyayenmu mata su riƙe wannan: matar nan ba ta hau bagade ba, hira ta yi da wani saurayi a cikin gidanta.

Kada mu mai da Barnaba mala'ika. Dangantaka tana ginawa, tana kuma iya karkatar da mutumin kirki. A Galatiyawa 2:11-14 Bulus ya ba da labarin wani abu da ya faru a Antakiya. Bitrus ya zo, yana cin abinci tare da 'yan'uwa na al'ummai ba wata damuwa. Da waɗansu baƙi suka iso daga Urushalima, sai ya fara janye jiki saboda tsoron abin da za su ce. Sauran Yahudawa suka bi shi, har Barnaba ma ya bi. Barnaban da ya yi murna da tuban Helenawa, shi ne yau ya ɗauke ƙwaryarsa ya koma gefe. Me ya ja shi? Ba wata sabuwar koyarwa ba ce, ganin ido ne da kunyar manya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ko da maɗaukin kanwar manzo ne.

Mun san wannan ciwo. A ikkilisiya ɗaya akwai 'yan ƙasa, akwai ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga wasu jihohi, akwai wanda aka haifa a gidan Kirista, akwai wanda ya shigo jiya da sunansa da shigarsa irin ta maƙwabtanmu. Muna waƙa tare, amma ku duba yadda ake zama in an kawo abinci a bikin Kirsimati, ku duba wa ake zaɓa in an zo zaɓen dattawa, ku duba abin da ke faruwa in ɗan wannan ɓangare ya nemi auren 'yar wancan. Bulus ya tsawata wa Bitrus a gaban kowa, domin abin ya taɓa gaskiyar bishara. Shi ma wannan aikin abota ne. Wanda Barnaba ya tsaya wa jiya, yau shi Allah ya sa ya gyara Barnaba. In duk abokanka masu ce maka sannu da ƙoƙari ne, babu mai iya ce maka ɗan'uwa nan ka kauce, to, kana cikin hatsari, musamman in kai shugaba ne.

Yanzu mu zo kan Markus, inda labarin ya fi zafi. Yahaya Markus ɗan gidan addu'a ne. A gidan mahaifiyarsa Maryamu ne masu bi suka taru suna addu'a daren da mala'ika ya fid da Bitrus daga kurkuku. Ɗan'uwan Barnaba ne kuma, kamar yadda Kolosiyawa 4:10 ta nuna. Sun ɗauke shi mataimaki a tafiyarsu ta farko, amma da suka kai ƙasar Bamfiliya sai ya rabu da su ya koma Urushalima. Luka bai faɗi dalili ba. Abin da ya bayyana shi ne Bulus ya ɗauki abin a matsayin gudu daga aiki.

Da lokacin tafiya ta biyu ya yi, Barnaba ya ce a tafi da Markus, Bulus ya ce sam. Gardama ta yi tsanani har suka rabu. Ku dubi su wane ne waɗannan: mutum biyu da Ruhu Mai Tsarki ya kira da suna, waɗanda suka sha kora da tsanani tare, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a taron Urushalima suna kare 'yancin al'ummai. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Littafi bai ɓoye wannan ba, bai kuma ce wane ne mai gaskiya ba. In kun tambaye mu, kowannensu yana riƙe da rabin gaskiya. Bulus yana duban aikin: hanya ce ta duka da kurkuku, ba a ɗaukar wanda zai juya a tsakiya. Barnaba yana duban yaron: in aka yar da shi yau, an rasa shi ke nan. Muna kuma ganin Bulus ya manta da wani abu a ranar, wato shi kansa akwai lokacin da mutum ɗaya ne tak ya yarda da shi a Urushalima, kuma mutumin ne ke tsaye a gabansa yana roƙo saboda wani.

Barnaba ya ɗauki Markus suka shiga jirgi zuwa Kubrus. Bulus ya zaɓi Sila suka bi ta Suriya da Kilikiya, a Listira kuma ya sami Timoti, wanda ya zama masa kamar ɗa. Tawaga ɗaya ta zama biyu. Kada wani ya ɗauki wannan ya ce ashe rabuwa alheri ce, ya je ya tsaga ikkilisiyar mutum 30 gida biyu saboda an hana shi kujera. Allah ya fitar da alheri daga saɓaninsu, wannan ikonsa ne, ba izini ba ne gare mu. Ku kuma lura da yadda suka rabu. Ba wanda ya bi ikkilisiyoyi yana ɓata sunan ɗan'uwansa, ba wanda ya kai ƙara gaban hukuma. Shekaru bayan haka, a 1 Korantiyawa 9:6, Bulus ya ambaci Barnaba a matsayin abokin aiki da ke ci da guminsa kamar shi. A wurinmu kuwa, sau nawa saɓanin dattawa biyu yakan zama gaba tsakanin gidaje biyu, 'ya'ya su gada, maƙwabtanmu suna kallo suna cewa, ga masu wa'azin ƙauna nan?

Daga Ayyukan Manzanni 15:39 Luka bai ƙara ambaton Barnaba ba. Ya fita daga labarin riƙe da hannun yaron da aka ƙi. Amma ku bi sawun yaron. A Kolosiyawa 4:10 Markus yana tare da Bulus a lokacin da yake ɗaure, Bulus yana umartar ikkilisiya ta karɓe shi in ya zo. A Filimon aya 24 ya lissafa shi cikin abokan aikinsa. A 2 Timoti 4:11, wasiƙar da ya rubuta yana jiran mutuwa, bayan waɗansu sun yashe shi, ya roƙi Timoti ya zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Bitrus ma a 1 Bitrus 5:13 ya kira shi ɗansa. Wani shugaban ikkilisiya na farkon ƙarni na 2 mai suna Fafiyas ya shaida cewa Markus ya zama tafintan Bitrus, ya kuma rubuta abin da ya ji daga bakinsa. Wannan ita ce Bisharar Markus mai babi 16 da ke hannunmu. Kiristocin Kibɗawa na Masar, waɗanda su ma tsiraru ne a ƙasarsu ɗaruruwan shekaru, suna ɗaukarsa a matsayin wanda ya kafa ikkilisiyarsu a Iskandariya. Barnaba bai bar mana littafi ko ɗaya a Sabon Alkawari ba, amma cikin littattafai 27, guda 13 suna ɗauke da sunan wanda ya tsaya wa a Urushalima, ɗaya kuma na yaron da ya ƙi yarwa ne.

Akwai Markus a kowace ikkilisiyarmu. Akwai yarinyar da ta yi ciki aka sa ta ƙarƙashin horo, wa'adin ya cika ba wanda ya je ya ce mata ta dawo. Akwai mai bisharar da aka tura ƙauye, yunwa da barazana suka kore shi, tun daga ranar ake kallonsa a matsayin matsoraci, alhali waɗanda suka tura shi wata huɗu ba su aika masa ko mudu ɗaya ba. Akwai wanda matsin dangi ya sa ya koma, yanzu in ya hango mu a kasuwa sai ya sauya hanya don kunya, mu ma mu sauya. Horo yana cikin Littafi, ba mu ce a soke shi ba. Amma an ba da shi ne domin a maido da mutum, kuma ba a maido da mutum da sanarwa daga bagade, sai wani ya je gidansa ya zauna a tabarmarsa.

In kun koma masauki yau, ku karanta Romawa 16, babin da muka saba tsallakewa saboda sunayen suna da wuyar faɗa. Akwai sunaye fiye da 30 a ciki. Akwai Bilkisu da Akila da suka sa wuyansu a hatsari saboda Bulus. A aya 13 akwai wata tsohuwa, mahaifiyar Rufus, wadda ko sunanta ba a rubuta ba, amma babban manzon al'ummai ya ce ta zama uwa a gare shi. Ba ta san ana rubuta ta a Littafi ba.

Ga roƙonmu kafin mu shiga ƙungiyoyin tattaunawa. Wakilan kowace ikkilisiya su zauna wuri ɗaya, su tuna da waɗanda suka daina zuwa sujada cikin shekara biyu da suka wuce, da sababbin tuba da ba su da gidan da suke cin abinci a cikinmu. Saboda tsaron lafiyarsu kada a rubuta sunayen a takardar da za ta yi yawo, a riƙe su a ka. A gaban kowane suna a sami mutum ɗaya, namiji ga namiji, mace ga mace, wanda zai ce ni zan je, ya kuma faɗi ranar da zai je. Idan mun sake haɗuwa a taro na gaba za mu tambayi juna.

Bari mu sunkuyar da kai mu yi addu'a.